Zaɓen Iri da Ido Ɗaya

Karatuna na boko bai kai in yi wa kowa gori da shi ba. Na shiga firamare a Sabon Birni ta ƙofa, na fito ta taga, ranar da malaminmu ya tarar da kwaɗo cikin hularshi kuma ajin duk sunka juyo suna kallona. Ɗan rubutun da na iya, ajin yaƙi da jahilci na tsince shi da gemuna. Saboda haka wanda ya ga kalma ta karkace cikin wanga rubutu, shi miƙe ta da kanshi. Ido ɗaya gare ni yanzu, ba ni ɓata shi wurin gyaran baƙi.

Abin da na iya da gaske shi ne kallon gero. Gidanmu muna da irinmu, dogon zango, wanda kakana ya taho da shi daga wajen Alkalawa lokacin da ya zo ya sari daji nan tsakanin Sabon Birni da Isa. Zangarniyarshi in ka kafa gindinta ƙasa tana kai wa babban mutum ƙugu. Ƙwayar a matse take, ba ka samun inda za ka soka tsinke. Tsofaffin mata in sun kurɓi furar gidanmu ba su tambayar daga ina ta fito.

To amma iri ba shi tsare kanshi. Iska na kwasar bununin geronka ta kai wa maƙwabci, ta kwaso nashi ta kawo maka. Ga kuma shibra, wadda ke fitowa cikin gero kamar ɗiyar gida, ta riga shi nuna, ta zubar da ƙwayarta ƙasa ta bar ka da tsirara. Shi ya sa kowace kaka, kafin a fara girbi, maigida ke shiga gona da 'yar wuƙa, shi bi kunya kunya, shi yanke zangarniyoyin da sunka yi kama da kakanninsu, shi ɗaure su dami guda daban. Wanga dami can saman rumbu ake ɗora shi. Ba a cinshi ko an kwana da yunwa. Mace ba ta taɓa shi, yaro ba shi taɓa shi. Shi ne shukar baɗi.

Ni ne auta wurin babana, don haka ni ke bin shi riƙe da igiyar kaba. Shina yanka shina zagina, cikin zagin nan na koya. "Diba nan, shashasha. Wagga kanta ya yi tsini, uwarta ta yi yawo. Bar ta." Launin ƙwaya shi ya fi dibawa, da sheƙinta in rana ta doke ta.

Nawa 'ya'yan maza, ƙananan sun tafi ci-rani kudu har sun zama 'yan can. Wanda ya zauna ya riƙe hauya shi ne ɗan fari. Ɗan fari kuwa kowa ya san yadda muke da shi a nan. Ba ka kiran sunanshi, ba ka zama tabarma ɗaya da shi, in kana da magana ka faɗa wa bango shina kusa. Mun yi shekaru muna noma kafaɗa da kafaɗa, maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta cika ƙoƙo ba. Ban taɓa kiranshi zaɓen iri ba. Ina ganin akwai lokaci, shi kuma bai isa shi roƙa ba.

Yanar ido ta fara mani a na dama, kamar hayaƙin kashin shanu da marece. Na zagi mai sayar da batir, na ce tocilan ta yanzu ba ta da haske. Na zagi masu wanki, na ce ba su iya fitar da farin kaya ba. Sai ran nan na tsaya bakin hanya na gaida suri, na tambaye shi iyali da gajiya, har na ji haushi da bai amsa ba. Matan da ke dawowa daga rijiya sun gani, labarin ya riga ni isa gida.

Uwar yara, matata tun ta ƙuruciya, ba ta raga mani ko ranar sallah.

"Malam, yau kuma wa ka gaida? Shekaranjiya an ce turken jaki ka yi wa barka da kasuwa."

"Ya fi wasu mutane ladabi."

"Ka dai je asibiti kafin a ce an gan ka zance wurin icen kuka."

Na je asibitin Isa ranar kasuwa, don kada a ce takanas na je. Wani ma'aikaci ya haska idanun, ya ce yana ce, duka biyu, ta dama ta fi kauri. Ya ce aiki ake yi a Sakkwato, ba shi da tsawo, amma bayanshi sai an yi makonni ba duƙawa, ba ɗaukar kaya, ba ƙura, ba hayaƙi. Na tambaye shi yaushe ya kamata a yi. Ya ce, "Ranar da ta fara hana ka aikinka, Baba. Ba sai ta rufe ba."

Amma rumfar mai shayi kowa likita ne. Can anka gaya mani sai ta nuna, ta yi fari fat, in an taɓa ta ɗanya dawowa take. Wani ya kawo zancen masu yawo ƙauye ƙauye da allura suna tura yana cikin ido. Wanga na ƙi shi nan take, don na san tsohon da anka yi wa, ya ga haske na ɗan lokaci, daga nan ya shiga duhun da bai fita ba har kabari. Maganar nuna kuwa ta yi mani daɗi, don ta zo daidai da abin da nike so in ji.

Ku ɗauki shekarar manomi ku nuna mani watan da babu duƙawa da ƙura. Bazara sharar gona da kai taki. Damina shuka, noman fari, maimai. Kaka girbi da ɗaurin dami. Da rani sussuka, ƙaiƙayi na shiga har cikin kunne, ga gyaran rumbu, ga fadama. Na ce wanda ya tsara sharuɗɗan nan bai taɓa riƙe hauya ba. In an yi mani magana da bazara in ce bayan shuka, in an yi da damina in ce bayan kaka.

Sannan mutanen daji masu bindiga sunka zo sunka ƙara mani hujja. Hanyar Sakkwato ta koma in za ka bi ta sai ka yafe wa kowa, kowa shi yafe maka. Maƙwabtan gonata sunka bar dogon gero, sunka koma wani gajere mai saurin nuna, don su kwashe abinsu kafin a zo a kwashe masu. Gabas da ni gajere, arewa da ni gajere. Ni na ce zangon kakana ba shi gudun kowa. Lokacin da bununin baƙo ya kewaye gonata, lokacin da iri ya fi bukatar ido, shi ne lokacin da nawa ke tafiya.

Wata shekara anka yi shela a masallaci cewa likitocin ido za su sauka Sabon Birni, aiki kyauta, wani mai neman kujera ya ɗauki nauyi. Makon da sunka zaɓa shi ne makon da gero ya bushe a tsaye, makon zaɓen iri. Ɗan farin nawa ya zo ya durƙusa daga bakin zaure, can nesa, shina kallon ƙasa.

"Baba, da an je an yi aikin nan. Iri, in an yarda, ni za ni yanka."

Na juya na fuskanci bango yadda anka saba. Na ce wa bangon, "A gaya wa mai magana, wanda bai san zango da shibra ba, ba shi riƙe wuƙar iri. Ido ba gudu za shi yi ba. Iri kuwa in ka kuskure shekara ɗaya, ka kuskure."

"To a nuna mani, Baba."

"Baɗi."

Ya ɗan ƙara zama, ya tashi ya tafi. Uwar yara ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Bangon ya ji, Malam. Shi ma bangon cewa ya yi ka je."

Na shiga gona da sanda. A lokacin zangarniya inuwa ce kawai a gabana, don haka na koma zaɓe da hannu. In shafa in ji tsawo, in ji kauri, in matsa in ji tauri, in yanke. Na gaya wa kaina hannu ma ido ne. Hannu shina jin tsawo, amma ba shi ganin launi, ba shi ganin sheƙi, ba shi ganin ɗan baƙin da ke nuna cuta cikin ƙwaya. Na ɗaure abina, na sa anka ɗora saman rumbu, na zauna ina jiran a ce mani sannu. Haka na yi kaka bayan kaka. Likitocin ba su sake zuwa ba, mai neman kujera ya samu kujerarshi.

Uwar yara ta fara cewa dusa ta yi yawa, fura ba ta kama hannu kamar da. Na ce hannun ne ya tsufa. Ɗan fari ya aiko ta bakin matarshi cewa gonar ta koma dogo da gajere kamar haƙoran tsoho. Na ce rashin taki ne, tunda Fulanin da ke sauka gonarmu da rani su bar muna taki sun ƙaura. Kowace magana ina da amsarta. Ni da baki ba a taɓa kayar da ni ba, shi ne abin da ya cuce ni.

Yanar dai ta nuna, yadda masu shayi sunka so. Tsakiyar damina, ana maimai, idon dama ya tashi da ciwo kamar ana murɗa ƙusa ciki. Ya yi jawur, kaina na sarawa, ina amai. Ranar ba wanda ya tambaye ni ko lokaci ya yi. Ɗan fari ya jefar da hauya tsakiyar kunya, anka ɗora ni mota. Munka bi hanyar da na yi shekaru ina tsoro, cikin watan da ya fi kowane muni. Mota cike da mutane, ba mai tari, sai leɓɓa ke motsi da addu'a.

Likitan da ya dibe ni a Sakkwato Bayarabe ne, haihuwar garin, Hausarshi ta fi tawa tsafta. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe kuwa wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwanshi bawanshi ne. Da ya ɗaga mani haɓa ya ga tsagar Gobir a kumatuna sai ya yi dariya.

"Yau bawana ya kawo kanshi. Bagobiri, ina ka ɓuya?"

Ko ina bakin mutuwa ba ni barin Bayarabe shi ci ni da baki. Na ce, "Ina gida ina jiran ka gama koyon aiki. Ba ni ba yaron gidana ido shi yi gwaji."

"To na gama tuntuni. Zauna daidai."

Ya daɗe shina haska na daman. Da ya sake magana babu wasa cikin muryar. Ya ce yanar ta tsufa har ta kumbura, ta toshe hanyar da ruwan ido ke fita, ruwan ya matse jijiyar gani ya kashe ta. Za su kwantar da ciwon, amma ganin ya tafi.

"Wa ya ce ka jira haka, Baba?"

"An ce sai ta nuna."

"Mangwaro ce?"

Ina jin ɗan fari tsaye bayana, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

"Na hagun fa?"

"Na hagu da ranshi. Shi za ni ƙwato maka, kada a ce na bar bawana shina lalube."

Masu tsoron wanga aiki, bari in gaya maku abin da ke ciki, don ni na yi shekaru ina gudun abin da bai kai cire ƙaya a dunduniya ba. An gwada mani jini da sukari. An ɗiga magani, an yi allura gefen ido, ita kaɗai ce ta yi zafi. An rufe mani fuska da ƙyalle. A farke nike, ina jin su suna hirar tsadar shinkafa a kaina. Abin da nike gani haske ne kawai shina motsi, kamar rana cikin ruwan kwano. An ce kada in motsa, kada in yi tari sai na faɗa. Bakina ne ya fi ba ni wahalar tsarewa. Kafin in gama shirya zagin da za ni yi wa Bayaraben, an ce an gama. Ya cire ƙwayar da ta yi hazo, ya sa wata ta roba a gurbinta. Na kwana da bandeji.

Da safe anka buɗe. Farko ruwa-ruwa, sannan fuskar likitan ta fito, da tabarau da hanci.

Na ce, "Ashe haka kake? Maida mani yanata."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na juya ina neman wanda zai taya ni, sai na ga wani dattijo tsaye bakin ƙofa, furfura a gemunshi, riƙe da butata. Saura kaɗan in gaida shi. Ɗan farina ne. Na bar shi da baƙin gemu, ban san lokacin da ya zama haka ba.

Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne launi. Duniya ta yi fari da shuɗi kamar an tsoma ta cikin bula. Bangon da nike cewa ruwan ƙasa ne ashe fari ne. Na tambayi likitan ko ƙwayar gwanjo ya sa mani. Ya ce yanar ido tana rina komai ruwan ɗorawa tun kafin mutum shi san tana nan, abin da nike gani yanzu shi ne gaskiya. Na yi dariya. Ban gane abin da ya gaya mani ba sai da kaka ta zo.

Na dawo gida da baƙin tabarau kamar mai gadin gwamna. Uwar yara ke ɗiga mani magani, safe da rana da marece. "Buɗe, Malam. Da bakinka ne da tuni ya buɗe." Salla a zaune nike yi, da ishara, liman ya ce ya halatta. An hana ni kusa da murhu, an hana ni ɗaukar ko buta cike. Makonnin nan da na rantse ba ni da su, ga su na same su, tsakiyar damina ma, ina zaune zaure kamar amarya. Gona kuwa ba ta fasa komai ba don ba ni. An gama maimai, gero ya yi bununi, ya zuba ƙwaya, ba wanda ya zo neman shawarata.

Da likita ya sallame ni, gero ya bushe a tsaye. Na wasa 'yar wuƙata tun da asuba. Na ce bana za ni zaɓi iri irin na babana, da ido. Na ajiye sanda gida don mutane su gani.

Na tsaya bakin gona na daɗe. Da farko na ɗauka na yi ɓatan kai na shiga ta wani. Ga gajeru masu kauri kamar taɓarya, ga masu gashi, ga dogaye sirara da ƙwaya warwatse kamar gemun ɗan akuya, ga shibra ko'ina ta zubar da abinta. Launi kuwa kowace da nata. Na bi kunya ta farko har ƙarshe ban ɗaga wuƙar ba. Na bi ta biyu. Na koma gida na sa anka sauko mani da ragowar damin bara, wanda na zaɓa da hannuna ina taƙama. Dogaye ne, hannu bai yi ƙarya ba. Amma ko babana ya tashi daga kabari ba shi gane ɗaya cikinsu. Ni na tsaya na tsince 'ya'yan baƙi ɗaya bayan ɗaya, na ɗora su saman rumbu, na hana kowa taɓawa.

Na tuna mutanen da na taɓa ba iri lokacin da nike da shi. Na aika Tozai wurin wani surukinmu. Anka ce sun tashi daga gonarsu tuni, damin iri kuwa sun dake shi sun ci shekarar da sunka yi gudun hijira. Na aika Unguwar Lalle, anka ce can kowa gajere shike shukawa, wa ke jiran zango yanzu. Akwai wani Bafulatani abokina da ya taɓa karɓar dami wurina ya ba ni tunkiya. Ya tsallaka Nijar da shanun da sunka rage mashi, ba wanda ya san inda ya sauka.

Na koma gonar tawa, ana jirana a fara girbi. Na wuni ciki. Can kusurwar yamma, nesa da maƙwabta, na samu 'yan zangarniyoyi masu tsawo, a matse, kai ba tsini. Na yanke su na shimfiɗa kan rigata, na juya su ga rana. Launinsu toka-toka. Ni kuwa abin da ke kaina, geron gidanmu ruwan zuma ne. Sai maganar Bayaraben ta dawo mani. Ruwan zumar nan na babana ne, ko na yanar idona? Shekarun ƙarshe da nike ganin iri, da rinannen ido na gan shi, kuma su ne sunka zauna mani. Na runtse, na nemi hannun babana da zangarniya ciki. Ina jin muryar, ina jin zagin, launin ya ƙi tsayawa.

Ɗan fari shina can bakin gona da masu girbi, suna jira. Babu bango cikin gona. Na yafito shi da hannu, ya zo ya durƙusa nesa, na ce shi matso. Na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Kai idonka biyu, kuma ba a rina su ba. Ka girma cikin geron nan. Diba mani. Wanga shi ne namu?"

Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya zangarniyar, ya kai ta ga rana, ya murza ƙwaya kan tafinshi. Ya daɗe. Na ga shina son shi ce e don shi faranta mani, kuma Allah ya sa bai iya ƙarya ba.

"Baba, ni daga ƙasa nike hango damin iri. Ban sani ba."

Munka ɗaure su da igiyar kaba, ni da shi. Damin bai kai kaurin cinyata ba. Shi ya hau ya ɗora, don har yanzu an hana ni hawan rumbu. Uwar yara ta fito tana goge hannu da zane, ta ɗaga kai ta diba.

"Malam, na kakanku ne?"

Na ce, "Gero ne dai."